Tankin da Hamza Ya Sauke

Kai Fahad, ɗauke ƙafarka daga kan tarkon nan. Don kana ɗan ƙanwata ba zai hana in buga maka filaya a gwiwa ba. Na ji abin da ka faɗa wa abokanka da kuka shigo, kunnena bai mutu ba: wai kejin kaji ne kawai, ka sa nama, ka jefa a teku, ka dawo ka kwashi istakoza, halas, shi ke nan. Shi kuma wancan dogon, wanda Hausarsa ba ta wuce "sannu" da "ina abinci" ba, wai ya gani a waya, minti goma ake haɗawa. To madalla. Ku ja kujeru ku zauna, yau sai kun biya kuɗin bakinku da kunnuwanku. Fahad, kana fassara wa dogon.

Istakoza dai kun san ta, ko da a farantin masu kuɗi ne. Mutanenmu kunamar teku suke ce mata, saboda ɓawo da ƙayoyi da dogayen gashin bakin nan biyu. Mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, har ta bar duniya ba ta yarda an dafa mata ita a tukunya ba. Ranar da na fara kawo guda gida ina taƙama, ta leƙa bokitin, ta ja da baya, ta ce, "Idi, kakanka ya tako da ƙafa tun daga ƙasar Hausa don ya ga Ka'aba, kai kuma ka ƙare a kamun ƙwari?" Da ƙwarin nan na yi mata lefen surukarta, da su na saya mata na'urar sanyaya ɗaki. Ta sha sanyin, amma ba ta janye maganar ba.

Tarkona na farko a wurin Usta Garba na yi shi, ina ɗan shekara goma sha bakwai. Usta Garba Bakabe ne, ubansa masunci ne a gida, shi kuma a nan Jidda aka haife shi, ya haɗa saƙar kakanninsa da ta Larabawan bakin teku. Yana da wata rumfa ta kwano a kudancin gari, kusa da inda ƙananan jirage ke kwana. Mu biyu ne almajiran aikinsa, ni da Hamza. Ku riƙe sunan nan, Hamza. Lokacin siriri ne kamar sandar rake. Tumbin daga baya ya zo.

Usta ya miƙo mini sandunan ƙarfe uku, da naɗin waya, da almakashin waya, da filaya wadda haƙoranta suka cinye, ya ce, "Yalla." Bai ƙara ko kalma ba. Na kwana uku ina fama. Na lanƙwasa ƙarfen ya zama gindi, na lanƙwasa sauran biyun kamar baka na ɗora suka yi kan tarko kamar ƙoƙon da aka kife, na ja waya na ɗaure ta ido-ido har yatsuna suka tsage. Na kai masa ina murmushi. Ya juya shi, ya zura hannu ta baki har kafaɗa, ya zaro hannun salin alin, ya ce, "Gidan baƙi ka gina. Su shiga su ci, su yi maka godiya, su fita." Ya taka shi da ƙafa ɗaya ya baje.

Ashe duk aikin a baki yake. Bakin tarko kamar mazurari ne, waje faɗi, ciki matsattse, kuma dole ya ɗan kalli sama, ya ƙare a tsakiyar tarkon inda babu abin takawa. Istakoza da baya take tafiya in ta tsorata, da ƙafa take lalube in ta natsu. In ka bar bakin kusa da ƙasa, za ta lalubo hanya ta fice. In ka matse shi da yawa, babbar ba za ta shiga ba, sai 'yan ƙananan da in aka gan ka da su a gaɓa ka shiga uku. In ka bar tsinin waya ko ɗaya bai lanƙwashe ba, ta taɓa shi da gashin bakinta ta fasa. Babu ma'auni, hannun Usta ne ma'aunin: dunƙule huɗu da yatsa biyu. Hannuna ya fi nasa girma, sai da na yi shekara kafin in gane nawa dunƙule uku ne da rabi. A waya an faɗa muku wannan?

Sabon tarko kuma ba a kai shi kamu. Yana ƙyalli, yana warin mai da warin hannun mutum. Sai ya kwana bakwai a ruwan gaɓa, ya yi duhu, gansakuka ta fara kama shi. Sannan a ɗaura masa dutse a gindi, dutsen teku ba bulo ba, a rufe rabin samansa da ganyen dabino. Istakozar tekun nan tamu ba mayunwaciya ba ce kamar ta wasu ƙasashe, 'yar mulki ce. Inuwa take nema kafin abinci. In ba ka yi mata ɗaki mai duhu ba, ko tuwon sallah ka sa mata ba za ta kalle ka ba.

Abincin ma akwai magana. Yamanawa kan kifi suke sawa, kwana ɗaya ƙananan kifaye sun cinye. Mu ganda muke sawa. E, ganda, fatar saniya, wadda kuke zubar da yawu in an sa ta a miya. Tana yin sati a ruwa tana fitar da wari ba ta ƙare ba. Wata rana fatar ta yanke mini, na buɗe firij na kwashe gandar da matata, innarku Rabi, ta wanke ta babbake don baƙinta 'yan unguwar Safa. Na ce mata wutar lantarki ce ta ɗauke ta lalace na zubar. Ta dube ni ta ce, "Wutar ta san ganda, ba ta san kajin da ke kusa da ita ba?" Sati biyu ina cin ful, dafaffen waken nan, da burodi a waje.

Ba istakoza kaɗai ke son ɗakin da ka gina ba. Akwai mai hannu takwas ɗin nan, aktabut, ya shiga ya tsotse maka ita ya bar ɓawo a tsaye lafiya lau, sai ka ɗaga ka ji ba nauyi. Akwai kuma wani kifi mai kama da maciji, wanda in ka zura hannu ba ka duba ba zai gaishe ka. Ga gaisuwarsa nan a babban yatsana. Istakozar kuma da ka juya ka ga ƙwai a cikinta, ja-ja kamar 'ya'yan gero, ruwa za ka mayar da ita, ko da ita kaɗai ka kama ranar. Usta ya taɓa kama Hamza yana kankare ƙwan wata da buroshi don ya sayar. Bai dake shi ba. Ya sa shi dai ya ci abincin rana a tsaye wata guda.

Masu saye kuwa kala-kala. Mai saya wa otal zai zo Bangala, kasuwar kifi, ya ɗaga ta, ya matsa ciki, ya ja ƙafa, ya yi tsaki, alhali ransa na kanta. Da rai suke so, da gashin baki cikakke. In ɗaya ya karye sai su ce ai gurguwa ce. 'Yan Filifin ba su da wannan fi'ili, su dai a rage musu. Wata hajiya da ta zo umara daga gida ta taɓa tsayawa a gabana ta ji ina Hausa, ta yi murna, ta leƙa kwandon, ta yi a'uziyya, ta ce, "Ɗan nan, in yunwa ce ka zo masaukinmu akwai shinkafa." Na gode mata. Ban faɗa mata kuɗin guda ɗaya ba, kada ta faɗi a kasuwar mutane.

Yanzu ga abin da ba za ku taɓa gani a waya ba. Mu ba ma sa wa tarko abin da zai yi yawo a saman ruwa ya nuna inda yake. In ka sa, ka yi wa ɓarayi allon talla. Ɗaure su muke yi biyar-biyar ko bakwai-bakwai a igiya ɗaya, mu sake su ƙasa, ruwa ya rufe. In ka dawo sai ka ja ƙugiya a ƙasa ta kamo igiyar. To ta yaya za ka san wurin, teku duk iri ɗaya? Da alama. Ka juya ka kalli tudu, ka nemi abubuwa biyu, ɗaya kusa ɗaya nesa, ka matsa da jirgi har su hau kan juna. Layi ɗaya ke nan. Ka nemi wasu biyun a wani gefe, layi na biyu. Inda layukan suka gamu, nan dukiyarka take. Alamar mutum ba ya faɗa wa matarsa. Na san za ku ce akwai na'urar nuna wuri. Akwai, har a lokacin da nake ba ku labari ta fara shigowa. Amma abin da ka rubuta a na'urar jirgin wani, ka rubuta wa duk mai yatsa.

Usta Garba yana da wani wuri da ake kira ramin Usta. Kowa ya san akwai shi, ba wanda ya san inda yake. Wani lungu ne a gindin murjani, ba nisa da gaɓa ma, wanda in kowa ya dawo hannu banza, shi sai ya dawo da kwando. Da ƙafafunsa suka fara kumbura ya daina fita, sai ya sa na kai shi sau ɗaya, mu biyu. Ya nuna mini. Ya ce, "Idi, na ba ka. Wanda ya ji daga bakinka, ban yafe ba." Na ce har Hamza? Ya ce, "Musamman Hamza. Zai kwashe har jikokinsu a shekara ɗaya."

Abin dariyar, kuma wallahi Usta da gangan ya yi, shi ne alamar. Layi na farko wata hasumiyar masallaci ce da wani gibi a dutsen bayan gari. Ba zan faɗa muku wacce ba, kada ku wani gyara zama. Layi na biyu kuwa wani dogon bututun hayaƙi ne na can unguwar masana'antu, da jan tankin ruwa na ƙarfe a kan rufin wani gida mai hawa biyu kusa da gaɓa. Gidan su Hamza. Gidan da ya gada, yake kwana a ciki.

Shekara ashirin da wani abu Hamza yana farautar ramin nan. Ya sayi darbil, madubin hangen nesa, yana rataye da shi kamar laya. In na fita ya biyo ni. Ni kuma sai in cika buhuna da duwatsu, in je can wani wurin banza in yi ta jefawa ina waige-waige kamar marar gaskiya. Washegari sai ka gan shi a wurin yana jan ƙugiya har azahar. Sau ɗaya na sa masa tsohon takalmina a buhun don kada ya koma hannu rabbana. Abokin aikina ma da gangan na zaɓe shi, Salim, wani dattijon Bayamane mai ƙarfin hannu wanda ba ya gane fuskar mutum in ya wuce taku goma. Hamza ya sha saya masa shayi yana bugun cikinsa. Salim ya ce masa, "Ya shekh, ni ruwa nake gani, sai kuma ruwa." Gaba ba mu yi ba. Muna gaisawa a jana'iza da ɗaurin aure. Amma shekara goma sha ɗaya ban taka gidansa ba.

Shekarar da ta ba ni kashi, ruwa ya yi zafi, kamu ya lalace wa kowa. Abu Nasir, mai jirgin da nake aiki da shi, ya fara maganar wani ɗan'uwan matarsa da ke son jirgin. Sai na yi abin da Usta bai taɓa yi ba, na kwashe tarkunana gaba ɗaya, ashirin da takwas, aikin wata huɗu, na zuba su a ramin da kewayensa. Iska ta taso, masu gadin teku suka hana fita kwana tara. Ran na goma muka fita da sassafe. Na saita hasumiya da gibin dutse, lafiya. Na juya neman jan tanki. Babu. Na goge ido. Ga gidan, ga rufin, ga wani farin tanki sabo fil a ɗaya kusurwar, ga kuma rabin ginin ɗaki.

Na ce ai ba komai, tanki tanki ne. Na ɗora bututun hayaƙin a kan farin, na saki ƙugiya. Ta kama murjani, muka yi ta ja har igiya ta tsinke. Na sa ta biyu, ita ma ta tafi. Abin da ban lissafa ba, taku biyar a kan rufi, in ka miƙa shi cikin teku, ya zama filin ƙwallo. Na bi layin hasumiya ina lalube kwana huɗu, na rasa ƙugiya biyar. Abu Nasir ya kira ni ya ce, "Ya Idris, jirgi ba na yawon shan iska ba ne. Juma'a ta sama, in babu tarko, ba ni mabuɗi." Mutum ɗaya ne a duniya ya san daidai inda jan tankin nan ya zauna, kuma shi ne mutumin da aka ce kada ya ji.

Na sayi burodin tamis mai zafi da ful, na buga ƙofar Hamza da hantsi. Ya buɗe, ya dube ni, ya dubi ledar, ya ce, "Wa ya mutu?"

"Ba wanda ya mutu. Zumunci ne."

"Zumunci," in ji shi. "To shigo da shi."

Muka ci. Na yaba labule, na yaba fanka. Can na ce zafi ya dame ni, ko za mu hau sama mu sha iska? Rana tsaka, a Jidda, a watan da kwalta ke narkewa. Ya dai kai ni. Ina hawa na fara zare ido ina neman tsatsar da gindin tanki ke bari. Ashe sun shimfiɗa sabon tayil tun daga wannan bango har wancan. Ɗansu zai yi aure, matarsa Zainabu ta ce a yi masa ɗaki a sama, shi ya sa aka sauke tankin. Na yi ta zagaye ina buga tayil da dunduniya. Hamza ya ce, "Ka yar da wani abu ne?" Na ce tattabaru nake son fara kiwo, ina duba irin rufin da ya dace. Ya ce, "A rufina?"

Kwana biyu na koma da wata dabarar. Na ce na ji likitoci na cewa farin tankin roba yana kashe ƙarfin namiji. Na ga ya ɗan yi jim, har na fara murna. Sai Zainabu ta ɗaga murya daga kicin, "Yaya Idi, jikokinsa shida. In ya mutu yanzu ma ya yi aikinsa."

Ban daddara ba. Na bi sawu har na gano mai gwangwanin da ya sayi tsohon tankin, can bayan masana'antu. Na same shi an riga an fasa masa gefe. Na saye shi haka nan, na sa aka liƙe, na ɗauko motar kaya, na sauke shi a ƙofar gidan Hamza. Na ce kyauta ce ta auren yaro, kayan gado bai kamata ya bar gida ba, a mayar da shi daidai inda mahaifinsa ya ajiye shi, albarka ce. Maƙwabta suka fito kallo. Zainabu ta leƙo ta taga ta ce in ban kwashe mata wannan tsatsar daga ƙofa ba za ta kira baladiyya, hukumar gari. Hamza ya zagaya tankin sau biyu, ya dubi rufinsa, ya dubi wajen teku, ya dube ni. Na ga lokacin da abin ya faɗo masa. Bakinsa ya buɗe a hankali.

"La ilaha illallahu," ya ce. "Tsohon nan! A kaina? Shekara ashirin ina kwana a ƙarƙashinsa?"

Ya zauna a kan dakali ya yi ta dariya har da tari, yana dukan cinya, yana zagin Usta yana yi masa addu'a. Ni kuwa ina tsaye kamar an tsoma kaza a ruwa. Kunya ta kama ni, tsoro ya fi ta. Na ce, "Hamza, ban faɗa maka komai ba. Ka shaida ban faɗa ba."

"Ba ka faɗa ba. Motar kaya ka ɗauko." Ya share hawaye. "Tarko nawa?"

"Ashirin da takwas."

"Duka? Kai jaki ne, Idi. Yaushe Abu Nasir zai karɓe jirgin?" Ashe har wannan ya sani. Na ce jibi.

Tankin ba zai hau ba, bangon sabon ɗakin ya ci rabin wurin, kuma Zainabu ta rantse. Hamza ya ce ba sai tanki ba. Ya hau ya gyara bututun tankin ya fi sau ɗari, ya san wurin ko ido rufe. Gobe da hantsi zai tsaya daidai tsakiyar inda yake, da jar lema a hannu, ni kuma in saita da shi. Ya shafa tumbinsa ya ce, "Faɗin ma kusan ɗaya ne."

Kun gane abin da wannan ke nufi? Mutumin da ke tsaye a rufin nan yana kallon teku zai ga jirgina, zai ga inda na tsaya, zai ga inda na saki ƙugiya. Ba sai ya san hasumiya ko bututu ba. Nasa alamun zai ɗauka, a zaune, da shayi. Na auna jirgin da ramin, na auna abincin gidana da maganar mamaci. Na ce to. Wallahi da na faɗa sai da na ji kamar na tofa wa kabarin Usta yawu.

Washegari na ari darbil ɗin Abu Nasir muka fita ni da Salim. Na hau layin hasumiya, na rage wuta, na ɗaga darbil. Ga rufin. Ga Hamza ya fito, farar jallabiya, jar lemar Zainabu mai fulawa, ga kuma nasa darbil ɗin yana lilo a ƙirji. Na ce shi ke nan, Usta ka yafe mini. Ya taka ya tsaya jikin sabon bangon, ya gyara ƙafa, ya matsa taku ɗaya hagu, ya ɗaga lema.

Sai ya juya.

Na ɗauka gyara tsayuwa yake. Na jira ya juyo. Bai juyo ba. Ƙeyarsa nake gani da faɗin bayansa, fuskarsa na kallon duwatsun bayan gari. Na matsa da jirgi a hankali har bututun hayaƙin ya sauko ya zauna a kan jar lemar nan daram. Na saki ƙugiya. Ja na farko ba komai. Na biyu ta yi nauyi, irin nauyin da ke biyo ka, ba irin na dutse ba. Salim ya yi kabbara.

Igiya huɗu ce, kuma ba a fito da tarko bakwai cikin gaggawa. Duk igiyar da muka gama sai iska ta kautar da mu, sai na sake saitawa. Awa uku muka yi. Duk ɗaga darbil ɗin da zan yi, bayan nan nake gani. Farar rigar ta jiƙe ta manne masa tun daga wuya har ƙugu. Yana sauya lemar daga hannu zuwa hannu. Sau ɗaya na ga Zainabu ta hau da ruwa, ta tsaya tana nuna teku da hannu, da alama tana ba shi labarin abin da muke yi. Ya karɓi ruwan ya sha, ya kama kafaɗarta ya juya ta ita ma.

Ashirin da shida muka fitar, biyu murjani ya riƙe. Abin da ke ciki ba zan faɗa ba, kada ku ce ƙarya nake. Abu Nasir dai bai sake maganar ɗan'uwan matarsa ba.

Da la'asar na zaɓi manya guda huɗu na kai gidan. Na tarar da Hamza kwance a falo, an ɗora masa jiƙaƙƙen tawul a kai, wuyansa ya yi jawur ya saɓule, Zainabu na yi masa fifita tana yi mini kallon da ya fi zagi. Na ajiye kwandon. Na zauna. Duk maganar da na shirya a hanya ta gudu. Da ƙyar na ce, "Hamza, na ga bayanka."

"Rana ce ke dukan idona," ya ce, bai ko buɗe ido ba.

"Da hantsi rana a gabas take. Ita ka juya ka kalla, awa uku."

Can ya janye tawul ɗin, ya ɗago a kan gwiwar hannu, ya dube ni da jajayen idanu.

"Shekara ashirin ina neman ramin nan, Idi. Na ƙona mai, na ci takalminka. Kana tsammani zan karɓe shi sadaka, daga hannun mutumin da ya zo ƙofata yana rawar jiki? Ka je ka huta. In ka warke, ranar Asabar ina bayanka. Da kaina zan sace shi."

Ranar Asabar kuwa ina fita na waiga, ga shi can yana biye da ni, wuya naɗe da bandeji, darbil a ido. Na ce wa Salim ya miƙo buhun duwatsu.